Yadda Ake Zaɓen Kwatabak na Farko a Ƙungiyar Ƙwallon Amurka ta Jami'a

Duk ƙarshen watan Agusta sai tambayar nan ta dawo daga masu bin ƙwallon Amurka na jami'o'i: ƙungiya tana da samari uku ko huɗu, kowannensu ya iya jifa, to ta yaya koci yake tsayar da ɗaya ya ce kai za ka fara? Da yawa suna zaton wanda ya fi ƙarfin hannu ake ba. Da haka ne, da tef ɗin awo ya gama aikin cikin yini ɗaya.

Kwatabak shi ne yake karɓar ƙwallo daga hannun santa, wato ɗan wasan da ke tsakiyar layin gaba, a farkon kowace dabara. Shi yake faɗa wa sauran goman abin da za a yi, ya karanci tsayuwar masu tsaro, sannan cikin sakan biyu ko uku ya yanke shawara: ya jefa, ya miƙa wa mai gudu, ko ya ruga da kansa. Zaɓensa aiki ne na wata bakwai zuwa takwas, daga Janairu zuwa Agusta, kuma abin da ya fi tsada a cikinsa shi ne lokacin atisaye, domin hukumar NCAA, mai kula da wasannin jami'o'in Amurka, ta ƙayyade shi. A watannin Maris da Afrilu ana ba ka atisaye 15 cikin kwana 34. Kafin wasan farko ana ba ka 25. Da kaka ta fara kuma, awa 20 a mako. Duk karon gwajin dabara da ka ba wani yaro, wani ka hana.

Kayan aikin ba su da yawa: kyamara biyu, ɗaya a sama ta gefen fili mai ɗauko duka 'yan wasa 22, ɗaya a bayan kwatabak mai nuna abin da idonsa yake gani, manhajar yanka bidiyo irin su Hudl, agogon awon sakan, farin allo da alƙalami, takardar maki, da mutum guda wanda ba shi da wani aiki a fili sai ƙirga.

1. Rubuta abin da kake nema kafin ka ga jifa ko ɗaya

A watan Janairu ko Fabrairu, babban koci da kocin 'yan kai hari da kocin kwatabak su zauna su fitar da takarda guda. A cikinta a jera dabaru goma zuwa goma sha biyu waɗanda ƙungiyar za ta dogara da su a kakar, kuma a gaban kowace a rubuta abin da take buƙata daga kwatabak. Idan tsarinka ya ginu ne kan dabarar da kwatabak yake duban mai tsaro guda ya zaɓi miƙawa ko jifa, saurin ido kake nema. Idan 'yan layinka, wato masu kare kwatabak a gaba, sababbi ne kuma ka san za su riƙa yoyo, ƙafa kake nema. Idan tsaronka mai ƙarfi ne, mai kula da ƙwallo kake nema, wanda ba zai jefa ƙungiya cikin rami ba.

Daga nan a raba maki. Rabon da yake aiki ga yawancin ƙungiyoyi shi ne a ba yanke shawara da kiyaye ƙwallo kaso mafi tsoka, a ce 35 cikin 100, daidaiton jifa 25, sarrafa wasa kafin a miƙa ƙwallo 15, abin da yake yi idan dabara ta lalace 15, jagoranci 10. Kana iya sauya alƙaluman. Abin da ba za ka yi ba shi ne sauya su a watan Agusta don su dace da yaron da zuciyarka ta riga ta kwanta da shi.

Hattara: tsawo da suna ba sa cikin takardar. Kyler Murray da Bryce Young duk ba su kai ƙafa shida ba, kuma sun ci kyautar Heisman, ta gwarzon ɗan wasan jami'a na shekara, a 2018 da 2021. Stetson Bennett ya shiga Jami'ar Jojiya ba tare da tallafin karatu na wasa ba, ya kai ta ga kofin ƙasa sau biyu a jere, kakar 2021 da ta 2022. Yawan taurarin da masu auna 'yan wasa suka ba yaro yana sakandare yana nuna dalilin ɗauko shi ne kawai.

2. Faɗa musu ƙa'idar tare, a ɗaki ɗaya

Kafin atisayen farko a tara duka masu takarar a nuna musu takardar: ga abin da za a auna, ga yadda za a raba karo, ga ranar da za a rage su, ga ranar da za a yanke. Kada a kira kowa shi kaɗai a yi masa wani alkawari na daban. Yaran nan suna magana da juna, kuma yawancin manyansu yanzu suna da wakilai.

Nan ne maganar kuɗi take shigowa. Tun 1 ga Yuli 2021 'yan wasan jami'a suke karɓar kuɗi da sunansu, kuma bayan sulhun da kotu ta amince da shi a Yunin 2025, makaranta tana iya raba wa 'yan wasanta kusan dala miliyan 20.5 a shekarar farko. Tun a ƙarshen 2023 kocin Nebraska, Matt Rhule, ya faɗa a bainar jama'a cewa kwatabak mai kyau daga wata makaranta yana cin dala miliyan ɗaya zuwa biyu. Idan ka sayo irin wannan, kowa a ƙungiyar ya san shi za a fara gwadawa. To faɗi gaskiya: ka ce shi ne a gaba, ga kuma abin da wani zai yi ya ƙwace. Gasar bogi ta fi rashin gasa illa, domin 'yan wasa suna gane ta tun makon farko.

3. Raba karo daidai, kuma a ƙirga

Karo guda shi ne daga lokacin da santa ya miƙa ƙwallo har a busa usur. A ce atisayenka yana ɗaukar karo 60 na sha ɗaya da sha ɗaya. Masu takara uku, kowa 20. Sai dai ashirin ba ɗaya take da ashirin ba, kuma nan ne yawancin gasa take lalacewa ba tare da kowa ya lura ba.

Yaron da ya yi karonsa tare da 'yan layi na farko da masu cafe ƙwallo na farko yana da kariya da hannuwa masu kyau, amma yana fuskantar tsaro na farko. Wanda aka haɗa da rukuni na biyu yana fuskantar tsaro mai sauƙi, amma ana iya cim masa kafin ya ɗaga hannu. Maganin shi ne juyi na kullum: wanda ya fara da rukunin farko yau, gobe ya koma na biyu. Mai ƙirga ya rubuta wa kowane karo abu biyar: wane kwatabak, wane rukunin hari, wane rukunin tsaro, wace dabara, wane yanayi. A ƙarshen kowane mako a duba, kada tazarar karon rukunin farko tsakanin yara biyu ta wuce biyar.

Dabarun ma a daidaita su. Idan ka ba ɗaya gajerun jifa masu sauƙi ka ba ɗayan dogaye, alƙaluman da za su fito ƙarya ne. Hanya mafi tsabta ita ce a rubuta jerin dabaru guda, kowa ya bi shi a rana daban, kuma kocin tsaro ya kira tsari iri ɗaya a kansu.

Hattara: atisayen bakwai da bakwai, wanda babu 'yan layi a cikinsa, kowa gwani ne a can. Babu mai tunkaro shi, babu hannu a gaban fuskarsa. A yi shi don koyon karanta tsaro, a sa agogo a busa usur a sakan uku da rabi, amma kada makinsa ya shiga takardar da nauyin sha ɗaya da sha ɗaya.

4. Ba kowane karo maki daga bidiyo, ba daga sakamako ba

Wannan shi ne ƙashin bayan aikin duka, kuma shi ne aka fi yi wa ha'inci saboda gajiya. Duk dare kocin kwatabak ya kalli kowane karo daga kyamara biyu ya cike gurbi huɗu.

Na farko, shawara: wurin da ya jefa, shi ne wurin da dabara da tsayuwar tsaro suka ce ya jefa? Ƙari ko ragi, babu tsakiya. Jifan da ya bi ta tsakanin masu tsaro biyu ya faɗa hannun nasa da sa'a, ragi ne ko da an ci maki da shi.

Na biyu, wurin da ƙwallon ya sauka. Kamawa kawai ba ta isa ba. Mai cafewa yana gudu a kwance ta tsakiyar fili, ƙwallon ya same shi a gaban ƙirji, ya ci gaba da gudu bai rage sauri ba: wannan cikakken maki ne. Ya same shi a bayan kafaɗa, sai da ya tsaya ya juya, mai tsaro ya cim masa: a takardar wasa duk kamawa ce, a takardarka rabin maki ne. Idan ƙwallon ya taɓa hannuwansa biyu ya faɗi, kwatabak ya ci makinsa, laifin na mai cafewa ne.

Na uku, lokaci. Daga miƙa ƙwallo zuwa sakinsa. Gajeren jifa ya fita ƙasa da sakan biyu da rabi. Duk wanda yake yawan wuce sakan uku bai saki ba kuma bai gudu ba, a wasa na gaske yana ƙasa.

Na huɗu, ƙwallon da ya jefa cikin hatsari. A ƙirga duk jifan da ya taɓa hannun mai tsaro, ya cafke ko bai cafke ba, da duk karon da ƙwallon ya subuce masa, da duk musayar da ta lalace tsakaninsa da santa.

Me ya sa ba za a dogara da alƙaluman da aka saba ba? Ga lissafin da NCAA take auna masu jifa da shi: yadi sau 8.4, a haɗa da tacdawun (kai ƙwallo ƙarshen fili, mai maki shida) sau 330, da jifan da aka kama sau 100, a cire wanda abokan hamayya suka cafke sau 200, a raba da yawan jifa. Ɗauki yara biyu, kowa ya yi jifa 20. Na farko an kama 12, yadi 220, tacdawun 2, an cafke masa 1: makinsa 175.4. Na biyu an kama 14, yadi 150, tacdawun 1, ba a cafke ko ɗaya ba: makinsa 149.5. A takarda na farko ya yi nisa. Amma a ce an kayar da na farkon sau biyar a bayan layi har ƙwallo ya subuce masa sau ɗaya, na biyun kuma sau uku yana wurgar da ƙwallo waje don kada a kayar da shi. Lissafin bai ga kayarwar ba, domin a jami'a ana cire yadin da aka rasa ne daga lissafin gudu. Wurgarwar hankali kuma rage wa na biyu maki ta yi.

Akwai jifa ɗaya da ya kamata a gwada ƙarfin hannu da shi, maimakon a tsaya ana kallon wa zai kai yadi 65. Faɗin fili ƙafa 160 ne, kuma a jami'a layukan da ake ajiye ƙwallo a kansu suna ƙafa 60 daga kowane gefe. Idan an ajiye ƙwallo a layin hagu, gefen dama yana ƙafa 100, wato yadi 33 da ɗoriya. Mai cafewa ya yi gaba yadi 15 ya karya zuwa gefen dama, kwatabak yana yadi bakwai a bayan layi: ƙwallon zai yi tafiyar kusan yadi 40, kuma dole ya tafi a miƙe kamar igiya. Idan ya yi lilo a sama, mai tsaron gefe zai shiga gabansa, kuma babu kowa tsakaninsa da maki shida. Wanda ba ya iya wannan jifan ba a cire shi daga gasa, amma koci ya san sulusin fili ya rufe masa a duk lokacin da ƙwallo yake layin nesa.

5. Gwada kansa a gaban allo da cikin surutu

Sau biyu a mako a kira kowa shi kaɗai na minti 15. A zana masa tsayuwar tsaro a allo, a ba shi alƙalami: wa zai kawo rubdugu, wa aka bari babu mai tare shi, ina za ka kai ƙwallo idan ya taho? Sannan a goge allon, a yi hirar wani abu na minti biyar, a ce ya sake zana abin da aka goge. Da bidiyo kuma, a tsayar da hoto sakan ɗaya kafin a miƙa ƙwallo, a ba shi sakan uku ya amsa.

Wanda ya iya a allo bai zama lallai ya iya a fili ba, saboda haka a kai gwajin waje. Tun kakar 2024 a FBS, babban rukunin jami'o'i, koci yana magana da kwatabak ta na'urar da ke cikin hular kwano, mai ɗigon kore a baya, amma ana yanke maganar idan agogon sakan 40 da ake ba ƙungiya ta fara dabara ya sauko 15, ko da zarar an miƙa ƙwallo. Masu tsaro sun san haka, sai su jira sakan 15 ɗin sannan su sauya tsayuwa. A atisaye a riƙa yanke na'urar daidai wannan lokaci, kocin tsaro ya sauya tsari, a ga wa zai gyara kariya da bakinsa. Wani lokaci a kashe ta gaba ɗaya a koma alamar hannu, a kunna lasifika har kowa ya daina jin na kusa da shi. Filin Jami'ar Mishigan yana ɗaukar mutum fiye da 100,000. Yaron da bai taɓa kiran dabara cikin irin wannan hayaniya ba, ranar wasa ba ranar koyo ba ce.

6. Ƙirƙiri matsi, tunda ba a taɓa shi a atisaye

A atisaye kwatabak yana sa riga mai launi daban, yawanci ja, alamar kada a taɓa shi. Wannan yana ɓoye abu biyu. Mai riƙe ƙwallo ya daɗe yana fitowa kamar gwani, domin mai tsaro yana wuce shi ne kawai. Mai ƙafa kuma ana cutarsa, domin ana busa usur da zarar an matso kusa, alhali a wasa zai iya zillewa. A sa mutum guda a bayansa wanda aikinsa kawai ya yanke hukuncin an kayar ko ba a kayar ba, kuma a tabbatar da hukuncin daga bidiyo.

Yanayi huɗu suke rarrabe masu takara: dama ta uku (cikin huɗun da ake ba ƙungiya ta ci yadi goma) da sauran yadi bakwai ko fiye, yadi 20 na ƙarshe, inda fili yake matsewa, fita daga yadi biyar na gidanka, da minti biyu na ƙarshe. A na ƙarshen nan a ba kowa labari iri ɗaya, misali ana binka maki huɗu, saura minti ɗaya da sakan 20, damar tsayar da agogo ɗaya ta rage, ƙwallo yana yadi 30 naka. Kada koci ya ce uffan. Abin dubawa: ya san lokacin da zai buga ƙwallo a ƙasa don tsayar da agogo? Ya jefa gajere a tsakiyar fili ya cinye sakan 15 a banza? Ya yarda aka kayar da shi?

A atisayen Agusta wasan gwaji na cikin gida biyu kawai doka ta yarda da su. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi: kociyoyi su fita daga fili su koma gefe da sama, a kawo alƙalan wasa na gaske, agogo ya yi aiki. Ko a bari a taɓa kwatabak a ranar? Idan ka riga ka ga yaro a wasannin gaske, babu dalili. Idan duka masu takarar ba su taɓa wasa ba kuma gudu yana cikin tsarinka, jeri ɗaya ko biyu ga kowa a wasan gwajin farko yana nuna abin da wata guda na atisaye ba zai nuna ba. A na biyu kada a yi, rauni a lokacin ba ya warkewa kafin wasan farko.

Jagoranci kuma ba a tambayar yaro shi. A tambayi santa, da kocin motsa jiki, da mai kula da kaya. A cikin bidiyo a bar hoton ya ci gaba sakan goma bayan an cafke masa jifa, a ga inda ya nufa da wanda ya yi wa magana. Kada dai a mai da abin ƙuri'a, 'yan wasa sukan zaɓi abokinsu.

7. Rage su, sannan ka yanke a kan lokaci

Uku a Maris, biyu bayan atisaye na goma na Agusta ko wasan gwajin farko, ɗaya bayan na biyu. A sanar aƙalla kwana goma zuwa sha huɗu kafin wasan farko. Daga ranar wanda aka zaɓa ya karɓi kashi 70 zuwa 80 cikin 100 na karon rukunin farko. Dalilin a fili yake: santa yana buƙatar sabawa da muryarsa, masu cafewa da saurin ƙwallonsa. Idan ɗaya bahago ne, kamar Tua Tagovailoa, ƙwallon yana juyawa ta ɗaya ɓangaren, kuma ɗan layin da ke kare bayansa ya koma na dama.

Idan maki sun yi kunnen doki, bi wannan jeri: wanda ya fi ƙarancin jefa ƙwallo cikin hatsari, sannan wanda ya fi a dama ta uku da minti biyu na ƙarshe, sannan wanda makinsa yake hawa daga mako zuwa mako. Ɗan shekarar farko da ya kamo ɗan shekara ta huɗu cikin wata biyar, zuwa Oktoba zai wuce shi. Sai dai a dubi jadawali: idan wasan farko a gidan babbar ƙungiya ne, da tsohuwar zuma ake magani.

Idan wasannin farko masu sauƙi ne, ana iya kai gasar cikin kaka. Koci Jim Harbaugh ya yi haka a Mishigan a 2022: Cade McNamara ya fara wasan farko, J.J. McCarthy ya fara na biyu, sannan aka tsayar da McCarthy. Abin lura shi ne kowa ya samu wasa nasa, an kuma faɗi tsarin tun kafin a fara.

Hattara da raba kujera biyu. Jami'ar Jihar Ohayo a 2015 ta shiga kaka da Cardale Jones da J.T. Barrett, dukansu sun taka rawa a kofin da aka ci kakar da ta gabata, aka yi ta jan ƙafa har tsakiyar Oktoba kafin Barrett ya karɓa, harin kuma bai zauna daidai ba tsawon makonni. Yaron da ya san kuskure ɗaya zai zaunar da shi, rabin hankalinsa yana benci. Inda biyu suka yi aiki, kamar Jami'ar Fulorida a 2006, ba raba kujera aka yi ba: Chris Leak ne mai ƙungiya, Tim Tebow yana shigowa ne idan ana neman yadi ɗaya ko biyu, kowa ya san aikinsa.

8. Wanda bai samu ba, shi za ka fara gani

Kafin ƙungiya, kafin 'yan jarida, kafin wanda ya ci. Ido da ido, babban koci da kansa, da takardar maki da bidiyon karo goma a gabansa. A faɗa masa abu biyu ko uku da suka raba su, da yawan karon da zai riƙa samu a mako. Kada a ce masa tazarar kaɗan ce idan ba kaɗan ba ce, kada kuma a yi masa alkawarin shiga wasa.

Ka sa a ranka zai iya tafiya. Joe Burrow ya bar Jihar Ohayo a Mayun 2018 bayan gasarsa da Dwayne Haskins, ya koma LSU, Jami'ar Jihar Luiziyana, a 2019 ya jefa tacdawun 60 ya ci Heisman da kofin ƙasa. Hakan bai nuna an yi kuskure ba, Haskins ya jefa 50 a 2018. Tun 2024 ɗan wasa yana iya sauya makaranta sau nawa ya ga dama ba tare da zaman shekara ba, muddin karatunsa yana kan hanya. Daga 2026 lokacin shiga rajistar masu sauyawa ya koma guda ɗaya, 2 zuwa 16 ga Janairu, an soke na Afrilu. Ma'ana a watan Disamba ne za ka zauna da kowane kwatabak ka faɗa masa matsayinsa, kuma idan ka wayi gari a Afrilu da mutum biyu kacal, babu kasuwar da za ka je.

9. Shirya na biyu da na uku, ka kuma rubuta sharaɗin sauyi

Ba a fafe gora ranar tafiya. A 2014 Jihar Ohayo ta rasa Braxton Miller a Agusta, ta rasa Barrett a ƙarshen Nuwamba, na uku, Cardale Jones, ya ci wasa uku na ƙarshe har da kofin. Jami'ar Jihar Fulorida kuwa a 2023 ta ci wasa 13 ba a doke ta ba, amma bayan kwatabak ɗinta Jordan Travis ya ji rauni a Nuwamba aka bar ta a wajen gasar ƙarshe. Duk mako na biyu ya samu karo takwas zuwa goma da rukunin farko, kuma ranar Alhamis ya zaɓi dabaru 15 da ya fi sakewa da su, a rubuta su a gefen takardar kocin hari. Na uku ya riƙa karɓar ƙwallo daga santa na farko minti biyar kullum.

Sharaɗin sauya na farko a rubuta shi tun Agusta, lokacin da kai yake a sanyaye. Wasa ɗaya mara kyau ba dalili ba ne. Dalili shi ne makin shawara ya faɗi wasa biyu ko uku a jere, ko kuskure iri ɗaya yana maimaituwa bayan an gyara, ko wasan yana neman abin da ba ya iya bayarwa. Na ƙarshen nan ne ya sa Nick Saban, kocin Alabama a lokacin, a wasan kofin ƙasa na 8 ga Janairu 2018, Jojiya tana gaba 13 da 0 a hutun rabin lokaci, ya zaunar da Jalen Hurts, wanda sau biyu kawai aka taɓa doke shi, ya sa Tagovailoa. Alabama ta ci 26 da 23. Hurts bai tafi a shekarar ba, kuma a Disamba da Tagovailoa ya ji rauni a wasan kofin SEC, rukunin jami'o'in da Alabama da Jojiya suke ciki, shi ya shigo ya doke Jojiyar 35 da 28.

Hattara da wasa na huɗu. Ƙa'idar da aka kafa a 2018 ta ba ɗan wasa damar buga wasa huɗu ba tare da shekarar ta shiga lissafin shekarunsa huɗu ba. A shekarar koci Dabo Swinney ya ba Trevor Lawrence ragamar Clemson bayan wasa na huɗu daidai, Kelly Bryant, wanda aka zaunar, ya bar ƙungiyar da shekararsa a hannu, ya koma Misuri. A wasan farko da Lawrence ya fara, da Syracuse, ya ji rauni kafin hutun rabin lokaci, sai Chase Brice, wanda mako ɗaya kafin nan shi ne na uku, ya ƙarasa aka ci 27 da 23. Saboda haka idan kana tunanin sauyi a watan Satumba, tun daga wasa na biyu ka fara ba na uku karon na biyu, kuma mai ƙirga ya buɗe shafi na daban yana rubuta wasa nawa kowane kwatabak ya shiga, domin karo ɗaya tak a fili ana lissafa shi wasa guda.